A Daina Fakewa da Sunna Ana Sayar Mana da Gari

Na so in yi shiru a kan maganar nan, amma shirun ya gagara.

Duk mai sallar Juma'a a unguwar nan ya san abin da ke biyo bayan sallama. Kafin ka sa takalmi lasifika ta fara: ga ɗal'u, garin furen dabino daga ƙasar Larabawa, maganin Annabi, mai ƙara ƙarfin maza, wanda ya shekara goma ba haihuwa ya sha da zuma, baɗi war haka sai suna. Sai ka ga magidanta da furfurarsu suna miƙa kuɗi a ɓoye, suna cusa kwalba cikin aljihun babbar riga.

Ni ɗan kasuwa ne, dabino kuma yana cikin hajata tun ina saurayi. Ba na gaba da dabino, ba na gaba da neman halal ɗin kowa. Abin da nake faɗa da shi biyu ne: ƙarya da sunan addini, da zaluncin da ake yi wa matanmu a bayan wannan kwalba.

Mu fara da garin kansa. Dabino akwai namiji akwai mace. Namijin ba ya 'ya'ya, fure kawai yake yi, a cikinsa akwai gari mai laushi. Manoma, ko a Dutse ko a Agadas, sukan yanko furen namijin su sa a cikin na macen, sannan ta yi 'ya'ya masu kyau. Daga nan mai talla ya samo hujjarsa: tunda yana sa itace haihuwa, zai sa mutum. Haba malam! Taki ma yana sa gero ya yi zangarniya, ka taɓa ganin wanda ya dama shi ya sha?

Sai batun sunna. Na ce wa ɗaya daga cikinsu ya kawo mini hadisin da isnadinsa, har yau ina jira. Gaskiya ne Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya ambaci ɗal'u a cikin Zadul Ma'ad, ya kawo amfaninsa wajen kusantar iyali. To amma wannan bayanin likitancin zamaninsa ne, bai ce Annabi ne ya faɗa ba. Jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba kuwa, kowane ɗan Islamiyya ya san makomar mai yin sa da gangan.

Abin mamaki, sanannen hadisin da ya zo a kan wannan gari hujja ce a kansu. A cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna wannan aiki na haɗa furen dabino, ya nuna musu cewa ko sun bari ba lallai ya cutar ba. Suka bari, dabinon shekarar bai yi kyau ba. Da suka gaya masa, sai ya mayar da al'amarin gare su, domin su suka fi sanin harkar duniyarsu. Darasin a fili yake: sana'a a bar wa masu ita. Harkar gona ta manomi ce, harkar maniyyi ta likita ce, ba ta mai lasifika ba.

Me likitocin suka ce? An gwada garin a ƙasashe irin su Iran da Masar da Saudiyya, amma yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, inda aka ga ƙarin sinadarin mazakuta da suke kira testosteron. Gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, mutanen ma 'yan ƙalilan, bai kai a ce an samu maganin rashin haihuwa ba. Sannan ƙaruwar wannan sinadari ba ita ce haihuwa ba. Akwai wata 'yar ƙaramar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aika wa maraina saƙo su yi ƙwayoyin haihuwa, aikin kuma yakan ci wajen wata biyu da rabi. Wanda ma yake yin allurar testosteron barkatai, saƙon nan yankewa yake yi, ƙwayoyinsa su ragu. To ina wanda ya ce maka cikin kwana bakwai za ka ga aiki?

In kuwa ka sha ka ji jikinka ya motsa cikin awa guda, ka ji tsoro. Fure ba ya haka. An sha kama magungunan maza na gargajiya, a ƙasashe da dama, da aka cakuɗa da ƙwayar bature irin Viagra. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magungunan asibiti, in ya haɗa su da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Lambar NAFDAC da suke ɗaga mana ma, in ta gaskiya ce, ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya wani bawan Allah ya tsaya bayan Asuba yana neman shawarata, zai saki matarsa ta biyu, shekara uku ba ko ɓatan wata. Ta farkon ma haka ya sallame ta, ga ta can a gidan wani da 'ya'ya biyu. Na ce, “Alhaji, kai ka taɓa zuwa an duba ka?” Ya ɓata rai ya ce, “Malam, ni lafiyata ƙalau, kwalba nawa na shanye.” Da ƙyar na lallashe shi ya je. Matsalar a wajensa take, yanzu yana hannun likita, auren kuma yana nan. Amma gorin da ta farko ta sha daga dangin miji, ana kiran ta juya, wa zai biya ta?

'Yan'uwa, biyan buƙatar iyali daban, haihuwa daban. Likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala ta ɓangaren namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan jarrabawa a rayuwarsa. Dalilan sanannu ne: kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum da ya kama mutum bayan balaga, ciwon suga, taba, da shan Tramadol. Wasunsu suna da magani in an gano da wuri. Kowace shekara da ka ɓata a kan kwalba, shekarun matarka na haihuwa kake ƙonawa.

Allah Ya gaya mana a ƙarshen Suratush Shura cewa Shi ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Bai ce jarrabawar ta mata ce kaɗai ba.

Don haka ga roƙona. In an shekara da aure ba ciki, miji ya kama hannun matarsa su je tare. UCH na nan kusa da mu, ba sai an hau motar Kano ba. Gwajin namiji ma ya fi na mace sauƙi da arha, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kwamitin masallaci su hana tallan maganin maza a harabar masallaci, ko don kunnen yaranmu da ke jin kalaman da ba su dace ba. 'Yan'uwana limamai, mu daina karɓar kwalbar kyauta muna sa albarka. Masu sayarwa kuma, in za ku sayar, ku ce gari ne, kada ku ce Annabi ya ce.

Na san wasu za su ce Malam ya taɓa musu abinci. To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gobe ƙiyama za a tambaye ni abin da na gani a ƙofar masallaci na yi shiru.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya ba mu ikon yi wa matanmu adalci. Wassalamu alaikum.