Hasken Da Ke Kama Motsin Zarra

A shekarar 1878 wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Eadweard Muybridge, ya jera na'urori a gefen filin sukuwa, ya tabbatar cewa in doki ya zabura akwai lokacin da duk ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa. Abin da ya gagari ido, hoto mai sauri ya kama shi. To, wannan dabara ce masana suka kai kan ƙwayoyin zarra, watau ƙananan abubuwan da kowane jiki ya ginu da su.

Sa'ad da sinadarai ke haɗuwa ko rabuwa, zarra tana motsi cikin lokacin da ake kira femtosakan. A raba daƙiƙa kashi miliyan, kowane kashi kuma a sake raba shi biliyan, ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Ahmed Zewail, mutumin Masar wanda ya yi karatu a Jami'ar Iskandariyya, shi ya yi amfani da walƙiyar leza mai wannan gajarta a Kalifoniya. Walƙiya ta fari ta tada sinadarin, ta biyu ta biyo baya ta duba inda zarra ta kai. Da haka aka ga igiyar da ta ɗaure zarra biyu tana tsinkewa. Ya sami lambar Nobel a 1999.

Elektaron kuwa, wanda ke kewaya cibiyar zarra, ya fi haka sauri, sai da attosakan, kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan. A 2001 Pierre Agostini ya auna walƙiya mai attosakan 250, Ferenc Krausz kuma mai 650. Su biyu da Anne L'Huillier suka raba lambar Nobel a 2023.

Mun san akwai masu cewa wannan ɓarnar dukiya ce, tun da ba ya cika rumbu. Mu dai ba mu yarda ba. Sa'ad da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, mutane da yawa ba su ga amfaninta ba. Ga shi yau da ita likitoci ke gyaran ido, ita ce kuma ke tura magana cikin zaren gilashi daga ƙasa zuwa ƙasa. Har gani da muke yi, masu wannan bincike sun nuna a 1991 cewa matakinsa na farko cikin ido yana ƙarewa cikin femtosakan 200.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke riƙe da kuɗin ilmi, kada su ce wa mai bincike sai ya nuna riba kafin a ba shi kayan aiki. Wanda ya dasa giginya ba don ya sha inuwarta bana ya dasa ba.