Ku bar gardamar alƙalami, ku tambayi wa ke riƙe da kundi

Masu sana'ar rubuta manhaja suna da wata gardama da ta girmi yawancinsu: da wace manhaja ya fi dacewa a yi rubutun? Tun shekarun 1980 ake tafka ta tsakanin mabiya vi, wadda Bill Joy ya ƙirƙiro a 1976, da mabiya Emacs ta Richard Stallman. Yau VS Code ta kamfanin Microsoft ta shigo fage, ga kayan JetBrains, ga sababbin shiga irin su Cursor masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ana ƙarar da sa'o'i ana ja-in-ja, kowa na kare tasa kamar gadon gidansu. A ganina wannan gardama ɓata lokaci ce, kuma ɓarnarta ta wuce ta lokaci, domin tana kawar da hankali daga tambayar da za ta iya durƙusar da kamfani ko ma'aikata a dare ɗaya: ina tarihin aikin yake ajiye, kuma wa ke da ikon hana ka shi?

Domin mai karatun da ba wannan ce sana'arsa ba, kayan aiki biyu ake magana a kansu. Na farko shi ne manhajar da ake rubuta umarnin kwamfuta da ita, ana gyarawa ana gogewa. Mu kira ta alƙalami. Na biyu shi ne tsarin da ke adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa rubutun, da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalilin. Mu kira shi kundi. Likita ko akanta ko daraktan da ya biya kuɗi aka gina wa ofishinsa manhaja zai iya rayuwa bai san sunan alƙalamin ba. Rashin sanin inda kundin yake kuwa asara ce da ke jiran ranarta.

Dalilin da ya sa alƙalami bai cancanci faɗa ba mai sauƙi ne. Rubutun manhaja haruffa ne zalla, kuma abin da aka rubuta da Vim yau ana iya buɗe shi da Emacs gobe ba tare da ko ɗigo ya ɓace ba. An ma gwada wannan a fili. GitHub ya fitar da manhajar Atom a 2014, ta yi tashe, sannan a ranar 15 ga Disamba 2022 kamfanin ya yi mata ritaya. Masu amfani da ita sun yi gunaguni, sun koma wasu, aikinsu bai salwanta ba. Abin lura ɗaya kawai zan ƙara. VS Code, wadda binciken shekara-shekara na Stack Overflow ya nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu amsawa suna amfani da ita, tushenta buɗaɗɗe ne, amma kwafin da Microsoft ke rabawa yana da lasisin kamfanin, kuma kasuwar ƙarin kayanta an keɓe ta ga manhajojin Microsoft. Wanda hakan ya dama yana da VSCodium, wadda aka gina daga tushe guda. Sauya alƙalami wahalar mako ɗaya ce ko biyu.

Kundi kuwa labarinsa daban ne, kuma babu wanda ya ɗanɗani hakan kamar masu gina Linux. A 2002 Linus Torvalds ya zaɓi BitKeeper domin adana tarihin zuciyar Linux. Manhajar mallakar kamfanin BitMover na Larry McVoy ce, ya ba su ita kyauta bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa mai amfani da ita ba zai sa hannu wajen gina wata kishiyarta ba. Stallman da wasu suka yi ta gargaɗi cewa ba a ɗora aikin jama'a a kan kayan aro. Aka ce musu masu tsattsauran ra'ayi ne, kuma gaskiya BitKeeper ta fi duk abin da ake da shi kyauta a lokacin inganci. A 2005 Andrew Tridgell, wanda ya ƙirƙiro Samba, ya binciko yadda manhajar ke magana da sabarta domin a iya ciro tarihin ba tare da ita ba. McVoy ya ɗauki hakan a matsayin keta yarjejeniya, ya janye lasisin kyautar. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan haɗin gwiwa na duniya ya wayi gari ba shi da kundi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Torvalds ya fara rubuta Git a farkon Afrilu 2005. Cikin kwanaki kaɗan tsarin ya soma adana tarihin kansa, a watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da shi, a watan Yuli kuma ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. BitKeeper ta buɗe tushenta a 2016, lokacin da kasuwa ta riga ta watse.

Ya kamata a fahimci abin da aka gina, domin a nan hujjata take. A tsarin Git, duk lokacin da aka rufe wani sauyi, ana ajiye hoton aikin gaba ɗaya, da sunan marubuci, da lokaci, da bayani, sannan a lissafo wata lambar shaida mai haruffa 40 daga abin da ke ciki. Kowane sauyi na ɗauke da lambar wanda ya gabace shi, sai suka zama sarƙa. Wanda ya taɓa wani tsohon sauyi a ɓoye, lambobin duk waɗanda suka biyo baya za su canja, asiri ya tonu. Abu na biyu ya ma fi muhimmanci: duk wanda ya kwafi rumbun aiki ya kwafi tarihin baki ɗaya, daga ranar farko. Babu wata cibiya da in ta faɗi kowa ya faɗi. Ana iya yin aikin wata guda ba intanet, a haɗa daga baya, a ma ɗaure tarihin duka a fayil ɗaya a kai shi da filashi. Ga wanda ke aiki a Kano ko Damagaram, inda wuta da sabis ba su da alƙawari, wannan siffa ce ta yau da kullum.

To me muka yi da wannan 'yanci? Mun tattara shi mun kai gidan mutum ɗaya. An kafa GitHub a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Har ta kai da yawa daga cikin sababbin shiga sana'ar ba su bambance Git da GitHub. Git manhaja ce ta kowa, ƙarƙashin lasisin GPL, babu mai iya janye ta. GitHub kamfani ne na Amurka, yana bin dokar Amurka da muradin masu hannun jarin Microsoft. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya maimaita kuskuren 2002 da kayan da aka ƙera musamman domin kauce masa.

Kada a ce tsoro ne na babu gaira babu dalili. A Janairun 2010 dandalin SourceForge, wanda shi ne babban rumbun buɗaɗɗun manhajoji kafin GitHub, ya toshe masu shiga daga Kyuba da Iran da Koriya ta Arewa da Siriya da Sudan saboda takunkumin Amurka. Ɗalibin da ke Khartoum bai yi wa kowa laifi ba, adireshin intanet ɗinsa ne ya ja masa. A Yulin 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu amfani da ke Iran da Siriya da Kirimiya, wasu suka tashi da safe ba su iya shiga rumbunansu na sirri. Sai a Janairun 2021 kamfanin ya samu izinin gwamnatin Amurka na mayar wa Iraniyawa cikakkiyar hidima. A Oktoban 2020 ya sauke rumbun youtube-dl bisa ƙorafin ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, ya mayar da shi a Nuwamba bayan an yi ca. Ko ba siyasa, kasuwa kaɗai ta isa: Google ya rufe Google Code a 2016, Bitbucket kuma ya daina karɓar rumbunan Mercurial a 2020 ya share waɗanda ke wurinsa, sai da cibiyar Software Heritage ta Faransa ta taimaka aka ceto na fili.

Akwai kuma darasin da ya fi waɗannan daidaito. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana suka gaza, aka yi asarar bayanan kusan sa'o'i shida. Rumbunan Git ba su taɓu ba. Abin da ya tafi shi ne rahotannin matsaloli da sharhi da buƙatun haɗa aiki, wato abubuwan da ke zaune a dandalin kaɗai. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kowa ya riƙe: abin da ke cikin Git naka ne, abin da ke dandali kawai na mai dandali ne har sai ka kwafo shi.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce GitHub ne inda masu ɗaukar aiki ke duba gwanintar matashi, nan ne buɗaɗɗun ayyuka suke, kuma tun 2019 rumbunan sirri kyauta ne. Sun ce ƙaramin kamfani ba shi da ma'aikacin da zai kula da sabar kansa, kuma sabar da ba a kula da ita ta fi GitHub haɗari nesa ba kusa ba. Duk na yarda. Ban goyi bayan a ce wa matashin da ke neman aikin farko ya ƙaurace wa GitHub ba, ko da yake ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi irin wannan kira a 2022 bayan an sa Copilot a kasuwa, manhajar da aka horar da rubutun jama'a da ke dandalin. Amma hujjar tasu ta tabbatar da cewa GitHub kasuwa ce mai kyau, ba ta tabbatar da cewa sito ne ba. Ɗan kasuwar kirki yana baje haja a shago, littafin bashi da takardun fili kuma suna gida. Linux kanta haka take yi: asalin rumbunta na kernel.org, gyare-gyare na tafiya ta imel, abin da ke GitHub madubi ne kawai. Ajiye kwafi na biyu a wani wuri, ko Codeberg da wata ƙungiya mai zaman kanta ke gudanarwa a Jamus, ko Forgejo a wata kwamfutar ofis, ko faifan ajiya a cikin durowa, umarni ne na layi biyu.

Laifin ya rataya a wuyan mutum biyu. Na farko shi ne mai koyarwar da ke nuna wa ɗalibai maɓallin da za su danna a VS Code su tura aiki GitHub, ya tsaya nan. Ɗalibin da ya fito daga hannunsa ya iya danna maɓalli, bai san abin da maɓallin ke yi ba. Ranar da sauye-sauyen mutum biyu suka yi karo, ko aka goge reshe bisa kuskure, sai ya koma ajiye jakunkuna masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe". Koyar da Git daga tushe, da rubuta umarni da hannu, bai fi aikin kwana uku ba, kuma ilimi ne da zai bi ɗalibi duk inda alƙalami ya sauya.

Na biyu ya fi kusa da mu, domin shi ne mai biyan kuɗin. Asibiti ko makaranta ko hukuma ta ba da kwangilar manhaja, a yi bikin ƙaddamarwa, a karɓi kalmar sirri ta shiga, a ɗauka an mallaki abu. Rumbun kuwa yana cikin asusun wani ma'aikacin ɗan kwangila, da imel ɗinsa na kansa. Idan ya bar aiki, ko aka saɓa kan ragowar kuɗi, ko Allah ya yi masa rasuwa, ma'aikatar za ta gane cewa haya take yi a gidan da ta biya kuɗin gininsa. Ba ta iya gyara, ba ta iya kiran wani ya ci gaba, ba ta ma iya tantance wa ya sauya lissafin albashi ko a wace rana. Sai a sake ware kuɗi a gina daga farko, a kira shi sabuntawa.

Maganin sharaɗi ne a takardar kwangila, kuma tun ran gini ran zane. Rumbun ya kasance a asusun ma'aikatar, aƙalla jami'anta biyu na da cikakken iko a kansa. A miƙa tarihin Git gaba ɗaya, domin jakar fayiloli ta ranar ƙarshe ba ta nuna wa ya yi me. Kwafi na biyu ya zauna a wurin da ba na kamfani ɗaya ba, ana sabunta shi a kai a kai, tare da kwafin rahotannin matsaloli da bayanan aiki. Kafin a biya kason ƙarshe, a sa wani injiniya daban ya ɗauko rumbun ya tayar da manhajar a sabuwar kwamfuta. In ta ƙi tashi, aiki bai ƙare ba. Ɗan kwangilar da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya faɗa muku yadda yake shirin riƙe ku.

Saboda haka idan injiniyanku ya ce Vim yake so, ku bar shi da Vim ɗinsa. Idan VS Code ce, Allah ya ba da sa'a. Tambayar da za ku yi masa a taron mako mai zuwa ita ce: idan aka rufe asusun nan gobe da safe, a ina kwafinmu yake, kuma yaushe aka gwada shi?