Wa Zai Zauna Mana A Mitin Makaranta?

Kowace shekara in sakamakon jarrabawar BECE ya fito, sai zango ya ɗauka da magana. Wannan ya ce malamai ba su koyarwa, wancan ya ce injin rarraba yara ne ya zalunce mu, wata kuma ta ce 'ya'yan zamani ne ba su ji. A kwana bakwai ana yi a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa, sa'an nan a watse. Amma ran da ofishin ilmi na gunduma ya kira mitin don a zauna a kan wannan sakamako, sai a tarad da benci ba kowa sai tsofaffi biyu ko uku. Abin da ya sa muka ɗauki alkalami ke nan.

Mu dai allo muka riƙe, ba mu shiga aji ba, saboda haka za mu faɗi abin a sauƙaƙe. Tun tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da Gwamnatin Gana ta shiga shirin karatun farko kyauta kuma tilas, aka sa kowace makarantar gwamnati ta kafa kwamitin kula da ita, wanda suke kira SMC. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin iyaye, da wakilin sarki, da na majalisar gunduma. A 2005 kuma aka fara ba makarantu kuɗi bisa yawan yaransu. Kafin a taɓa kuɗin nan sai hedimasta ya rubuta abin da za a yi da su, kwamiti ya duba ya yarda. Ban da wannan akwai mitin da suke kira SPAM, watau ranar da a kan karanta sakamakon makaranta a gaban malamai da iyaye da shugabannin unguwa, darasi darasi, a tambayi dalilin faɗuwa, a yanke abin da za a gyara kafin baɗi. To, kun ji fa. Kujera tamu ce, hukuma ce ta ajiye mana ita. In ba mu zauna ba, wani zai zauna, ko kuwa a yanke magana ba mu.

Ga abin da ke tafiya a wurin, wanda ya kamata kowane uba ya sani kamar yadda ya san farashin huhun goro. A jarrabawar nan lamba 1 ita ce mafi kyau, 9 ita ce ta ƙarshe. Darussa shida a kan tara wa yaro: Turanci, da lissafi, da kimiyya, da sanin zaman jama'a, sa'an nan biyu da ya fi ci cikin sauran. Wanda jimlarsa ta kama 6 ya yi zarra, wanda ta kai 40 kuwa yana cikin wahala. Mun sha jin uwa tana murna wai ɗanta ya kawo lamba mai yawa, ba ta san a nan mai kaɗan ne ya ci ba. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara zuwa sakandare, kuma ba ta duba kowa, sai jimlar yaro da makarantun da aka zaɓa masa a takarda. Takardar nan uba ko mai riƙon yaro shi ke sa mata hannu. Sau nawa a kan miƙo ta a rumfa, ana tsakiyar ciniki, a dangwala yatsa a mayar? Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya zaɓi manyan makarantu don abokansa sun zaɓa, jimlarsa ba ta kai ba, a ƙarshe iyaye su yi ta yawo ofis ofis. Tun Satumba 1917 ba mu ce ba, tun Satumba 2017 ne aka ɗauke kuɗin sakandare, amma kyautar nan sai wanda ya sami gurbi take yi wa amfani.

Waɗansu za su ce, mutumin da bai san baƙi da farin boko ba, me zai faɗa a gaban masu digiri? Wannan magana ba mu yarda da ita ba. Uban da bai sauke ba ya san ko ɗansa ya wanke allo makon nan, ya san izun da yake, ya kuma san ranar da malam bai zauna ba. Haka boko yake. Buɗe littafin aikin yaro ka duba jan biro: in wata ya wuce ba a maka ko shafi ɗaya ba, ba ka bukatar Turanci kafin ka gane akwai magana. Tambayi hedimasta kwana nawa malamin lissafi ya zo a zangon nan. Tambaye shi 'yan mata nawa suka shiga aji ɗaya na JHS, nawa kuma suka kai ga jarrabawa, sauran ina suka tafi. Mutumin da ke riƙe lissafin bashin mutum hamsin a ka, ba wannan ƙidaya ce za ta gagare shi ba.

Sai dai wanda zai yi tambaya ya shirya a tambaye shi. Malami zai ce yarinya tana gyangyaɗi a aji don ta kai dare da tiren talla. Zai ce ran kasuwa rabin aji na tasha suna dako. In gaskiya ya faɗa, a karɓa. Tsoron da kakanninmu suka yi wa makarantun mishan yana da dalilinsa a zamaninsa, amma tun 1987 aka buɗe sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, gwamnati na biyan malamansu, kuma a 2024 Larabci ya shiga cikin darussan BECE. Hujjar nan ta ƙare.

Yanzu kuma sai mu juya ga ma'aikatan ilmi, da ladabi. Ba a gayyatar fatake yadda a ke gayyatar akawu. Wasiƙa da Turanci a jakar yaro, mitin kuma ƙarfe goma na safe ran aiki, lokacin da uwa ke Kejetia uba kuma yana bisa hanyar Techiman ko Bawku da kaya, wannan gayyata ce ta fita hakki. In kuwa mutum ya rufe rumfa ya zo, ya tarar ana ta Turanci da Tiwi, ga lambobi ana karantawa kamar ana gudu, ba zai sake dawowa ba. Hausa ba ta cikin harsunan da a ke jarrabawa da su a ƙasar nan, mun sani, amma ita ce ke haɗa Bamoshe da Bazabarme da Bakotokoli da Badagombe a zango. Abin da muke roƙo kaɗan ne. A aiko wa liman da sarkin zango da takarda mako guda kafin rana, a yi shela bayan sallar Juma'a. A sa mitin ran Asabar ko Lahadi bayan la'asar. A tsayar da tafinta. Kada kuma a mai da taron wurin yanka wa iyaye kuɗi, gama da yawa abin da ke korarsu ke nan: sun saba in an kira su, aljihu a ke nema.

Batun mata kuwa, kada a bar su baya. Su ne ke ba da kuɗin koko da safe, su suka san wanda ya fita da jaka ya ɓuya bayan gida. Mitin da ba su ciki rabin labari zai ji.

A namu gefen, duk mai yaro a aji uku na JHS, ya kawo sunansa da na makarantarsa wurin magatakardan liman bayan magariba. Za mu roƙi samarinmu da suka yi karatu su zauna da ku a kan takardar zaɓen makarantu kafin a sa hannu, kuma kowace makaranta za mu nemi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su je mitin su dawo su ba jama'a labari.