Kafin a kafa turaku: abin da filin Idin Kano ke gaya wa Garwa

Ranar da muka koma aiki bayan dogon hutu, na tarar da turakun siminti guda huɗu a filin da ke bayan makarantarmu. A filin nan yaran unguwa ke buga ƙwallo da la'asar, nan mata ke shanyar gyaɗa da kaka, kuma idan aka yi babban rashi masallaci ya cika, nan ake jera sahu a yi sallar jana'iza. Na tambayi mai gadi, ya ce wasu ne suka zo da mota da na'urar awo wata Talata da rana tsaka, suka yi aikinsu suka tafi. Kafin a yi wata biyu, katangar bulo ta kai ƙirji a rabin filin. Dattawa suka taru, kowa na rantsuwa cewa tun zamanin iyayensu aka bar wurin nan domin jama'a. Sai wani matashi daga baya ya ce, "Baba, to ina takarda?" Wurin ya yi tsit.

Tun daga ranar nake ta tunanin Kano, domin abin da ya fara leƙo mu a Garwa, su can sun gan shi har ƙarshensa.

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa Kano ya san filin Idi na Ƙofar Mata, inda Sarki da jama'ar gari ke sallar Idi. A zamanin mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi daga 2015 zuwa 2023, aka yanka gefen filin aka ba 'yan kasuwa, shaguna suka tashi suka kewaye shi. Mutanen gari ba su yi shiru ba. An yi ta ƙorafi a gidajen rediyo da Facebook, an yi ta faɗa a majalisun ƙofar gida. Amma ƙorafi yana tafiya, gini ma yana tafiya. Da Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayun 2023, bai cika mako biyu ba katafila ta shiga aiki. Aka rushe shagunan filin Idi da wasu gine-gine a cikin gari, har kalmar "rusau" ta zama abin da kowa ke faɗa. Matasa suka bi baya suna kwasar rodi da ƙofofi, har da kayan mutane. Masu shaguna suka garzaya kotu, kuma a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Na ga 'yan uwanmu da yawa a nan suna murna da wannan rusau, suna cewa ina ma a samu mai irin wannan zuciya a Kamaru. Ni dai ban iya taya su murna ba. Fili ya dawo, gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ya ci: ɗan kasuwar da ya sayi shago da takardar hukuma a hannunsa ya wayi gari jarinsa ya zama ɓaraguzai, kuɗin diyya kuma daga baitulmalin talakawa aka ɗauko su, wato jama'a sun biya kuɗi kafin a mayar masu da abin da tun asali nasu ne. Sannan abin da gwamna ɗaya ya bayar wani ya rushe, babu abin da zai hana na uku ya sake bayarwa, matuƙar kariyar filin ta dogara ne da halin wanda ke kan kujera.

Badalar Kano ma ta fi ba ni tausayi, don ita babu kotun da za ta dawo da ita. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekaru 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Igwar Turawa ta same ta a tsaye a 1903. A 2007 Najeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka, yau a wurare da dama sai an nuna maka da yatsa an ce "nan ta bi". Ruwan sama ya ci nasa rabon, amma mutane sun fi shi ci: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi yaɓe, wancan ya matso da katangarsa taku biyu, wani ya samo takarda ya kafa shago a kanta. Haka kududdufan cikin birni, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar gini tun farko kuma su ne ke shanye ruwan damina, aka yi ta cike su da shara ana yankawa ana sayarwa. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar fili, in ya zo bai tarar da gidansa ba sai ya shiga na mutane.

Kada wani ya ce ai wannan Najeriya ce. A Duwala, cikin watan Mayun 2022, an rushe gidajen mutanen Dikolo a unguwar Bali domin a gina babban otel. Jama'ar wurin da sarakunan gargajiyarsu suka tashi tsaye, suka yi zanga-zanga, suka shiga kotu, kuma bayan shekara guda kotun da ke duba ƙararrakin hukuma ta ba su gaskiya. Abin yabo ne ƙwarai, ya kuma nuna cewa a ƙasar nan ma jama'a na iya cin nasara idan suka haɗa kai suka bi hanyar shari'a. Amma ranar da aka yanke hukuncin, gidajen sun shekara a ƙasa.

To mu dawo gida. Garwa tana girma ta kowane gefe. Ƙidayar 2005 ta ba mu mutum kusan dubu 236, kuma duk wanda ke zaune a nan ya san mun wuce haka nesa ba kusa ba. An gyara filin wasa na Rumde Ajiya da tituna saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, a shekarar kuma aka kafa Jami'ar Garwa, ga 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Arewa Mai Nisa. Duk waɗannan mutane suna buƙatar ɗakin kwana. Ni kaina haya nake yi, kuma ina mafarkin ranar da zan sa yarana a gidan da ba wanda zai buga min ƙofa ƙarshen wata. Don haka ba na cikin masu ganin duk mai gini azzalumi ne. Abin da nake cewa shi ne, akwai wuraren da in an gina su, har mai ginin ma sai ya yi kuka. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ya san abin da ke faruwa da gidan da aka kafa a fadama ko a bakin mayo. Wanda kuma ya yi watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ya san darajar bishiyar darbejiya guda ɗaya da fili mai shan iska.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a kawo ilimin tsara birane. Shi ya sa muke da kalmar hurumi, muke da burtali da makiyaya da mashaya. A addini ma muna da asali: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Inda muka yi sakaci shi ne, mun riƙe al'adar barin fili domin jama'a, amma ba mu koyi dokar da ke mulkin filin a yau ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974 ta ce takardar mallaka, wadda muke kira titir fonsiye, ita ce shaidar da hukuma ta sani. Filin da ba shi da ita, galibi yana faɗawa cikin ƙasar da gwamnati ke riƙe da ita a madadin al'umma. Wanda ya zauna a wuri ko ya raya shi tun kafin 5 ga Agustan 1974 yana iya neman a yi masa takarda kai tsaye. Wurin da ba a ga alamar zama ko raya shi ba kuwa, hukuma na iya ba wanda ya zo da shirin yin wani abu a kai. Kun ga inda gizo ke saƙar? Mu mun bar fili a buɗe da gangan domin sallah da wasan yara da hanyar ruwa, takarda kuma tana kallon sa a matsayin wurin da ba kowa. Ibadar da muke yi a kai sau biyu a shekara ba ta barin tubali ko shuka da mai awo zai rubuta.

Amma dokar nan ba ta rufe mana ƙofa ba, kuma wannan ne ɓangaren da mutanenmu ba su sani ba. Kafin a ba kowa titir fonsiye, akwai kwamitin da ke zuwa ya duba filin, su-firefe ne shugabansa, kuma a cikinsa akwai sarkin wurin da dattawa biyu. Ana liƙa sanarwa a ofishin su-firefe da na magajin gari da kuma fadar sarkin yankin. Duk wanda abin ya shafa yana da damar shigar da ƙin amincewa a rubuce tun daga ranar da aka ajiye takardar nema, har zuwa kwana 30 bayan an buga sanarwar kammala kafa iyaka. In wannan lokaci ya wuce aka fitar da takarda, warware ta sai an sha wahalar gaske, ga kuɗin lauya, ga shekaru. Ban da wannan, dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ta hana gini a wuraren da ke fuskantar ambaliya, akwai kuma dokar 2013 da ke kare kayan tarihi da al'adu.

Yanzu fa a faɗa min, a unguwanninmu wa ke zuwa ya karanta allon sanarwar nan? Da Faransanci ake rubutawa, a liƙa a jikin bango, rana ta dake ta har ta koɗe. Mu malaman makaranta da ɗalibanmu na lise da jami'a, mu ne muka iya karatun, kuma mu ne muke wuce ta gabanta a kan babur ba mu waiwaya ba. Wallahi laifin farko a filin bayan makarantarmu ina ɗora shi a kaina kafin in ɗora wa kowa.

Akwai wani abu kuma da ke damun mu Hausawa musamman, gara a faɗe shi a fili. Duk da cewa Hausare tsohuwar unguwa ce a Garwa, kuma kakannin wasunmu a nan aka binne su, har yanzu da an taɓo maganar ƙasa sai mu ja da baya, muna tsoron kada a ce mana baƙi. 'Yan uwanmu na Biriketeri a Yawunde da na Niyu Bel a Duwala sun fi mu sanin wannan tsoro. Shi ke sa mu yi gunaguni a zaure mu yi shiru a ofis. Maganinsa a ganina shi ne kada mu taɓa mayar da kare fili maganar ƙabila ko ta addini. Ƙwallon da ake bugawa a bayan makarantarmu, ɗan Bafillace da ɗan Fali da ɗan Tupuri da ɗan Bahaushe ne ke buga ta tare, kuma ruwan da zai rasa hanya ba zai tsallake gidan fasto ya shiga na liman ba. Takardar ƙin amincewa mai ɗauke da sa hannun liman da fasto da shugabar mata da jauro ta fi ƙarfin hayaniyar mutum ɗari na masallaci guda.

Ba sai an jira wata babbar ƙungiya daga Yawunde ba. Dokar 19 ga Disambar 1990 ta ba 'yan ƙasa damar kafa ƙungiya su kai sanarwarta ofishin firefe, kuma ƙungiyar ci gaban unguwa ta fi sauƙin kafawa a kan ta addini, wadda sai an samu izini daga sama. Irin wannan ƙungiya ce za ta zauna ta rubuta wuraren da unguwa ba za ta iya rayuwa ba tare da su ba, filin Idi ne, maƙabarta ce, tsohuwar rijiya ce ko hanyar ruwa, ta ɗauki bayanin dattawa tun suna da rai, ta kai wa magajin garin yankinta da fadar Mai Martaba Lamido, ta nemi a yi wa wuraren takarda da sunan jama'a ko na ƙaramar hukuma. A shuka itatuwa a gefe, a kafa allo, domin mai awo ya zo ya tarar da alama. Ga iyayenmu sarakuna da lawanai da jaurawa kuma, da ladabi nake cewa: Allah ya ja zamaninku, sa hannunku a wannan kwamiti amana ce, ku riƙa tara jama'a ku tambaye su kafin ku ɗora alƙalami.

Mu dai rabin filinmu ya tafi, kuma lauyan da muka tuntuɓa bai ɓoye mana cewa dawo da shi zai yi wuya ba. Sauran rabin muke ƙoƙarin ceto. Mun shuka darbejiya goma sha biyu a gefensa, yaran ajina ke ba su ruwa bi da bi. Mun kuma sa ɗalibai biyu na lise, duk ranar Laraba in sun taso su biya ta ofishin su-firefe su ɗauki hoton allon sanarwa da waya, su turo wa dattawa kafin magariba.