Injin Leza Da Darasin Kwali

A bayan garin Birnin Kudu akwai duwatsu masu ɗauke da zanen shanu da mutanen da suka yi tun zamani mai nisa, musamman a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Wanda ya tsaya gaban zanen zai ga ƙaho da ƙafafu da tsawon jikin saniya, amma ba zai ga faɗin ƙirjinta ba, domin fuskar dutse shimfiɗe take. Wannan matsalar ce ke damun malamin ilmin halittu a duk lokacin da ya ɗauki alli. Abin da yake son koyarwa yana da tsawo da faɗi da kauri, allo kuwa tsawo da faɗi kaɗai gare shi. Ɗalibi yakan kwafi zanen ƙwayar halitta, ya haddace sunayen sassanta, har ya ci jarrabawa, alhali a zuciyarsa yana ɗaukar ta tamkar faifai.

Hanya mafi sauƙi ta magance wannan ita ce siffar kwali, wato a zana fuskokin abu a shimfiɗe bisa takarda mai kauri, a yanke, a ninke, a manne da gam har ya tashi tsaye. Yanzu kuma an samu injin da ke yanka takarda da hasken leza, wanda kan gama cikin 'yan mintoci aikin da almakashi zai yini yana yi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram su rungumi aikin kwali tun yau, kada su jira injin, kuma in injin ya zo kada a bar shi ya ƙwace wa ɗalibi aikin shirya zane, domin a cikin wannan aikin ne darasin yake.

Da farko ya kamata a san injin. Theodore Maiman ne ya fara samar da hasken leza a Amurka a shekarar 1960. A 1964 Kumar Patel ya ƙera irin wanda ke amfani da iskar kabon-dayoksaid, kuma irinsa ne aka fi yanka takarda da katako da shi. Ido ba ya ganin wannan haske. Madubai ne ke karkatar da shi zuwa wani gilashi mai tattara shi a wuri ɗaya ɗan ƙanƙani, kamar yadda yaro ke tattara hasken rana da gilashi ya ƙona busasshen ganye. Ke nan injin ba wuƙa gare shi ba, ƙonawa yake yi, kwamfuta kuma tana jan bakinsa bisa layin da aka zana mata. Ba ya gyara kuskure. In zanen ya karkace, zai yanka karkataccen abu sau ɗari ba tare da ya gaji ba.

A ɗauki misalin ƙwayar bairos mai haddasa shan inna, cutar da iyaye a ƙasar Hausa suka daɗe da sani, wadda sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga nahiyar Afirka. Kwanson wannan bairos yana da tsarin siffa mai fuska 20, kowace fuska alwatika ce mai gefuna daidai da juna. Donald Caspar da Aaron Klug sun yi bayanin wannan tsari na kwanson bairos a 1962. Siffar tana da gefe 30 da tsini 12. Ɗalibin da aka ce ya zana ta a shimfiɗe da rula da kamfas dole ya amsa tambayoyin da littafi bai taɓa yi masa ba. Alwatika 20 a haɗe a takarda ɗaya suna buƙatar layin ninki 19. In an cire 19 daga 30, saura gefe 11 da za a manne, saboda haka kunnuwan gam 11 ake buƙata, ba ƙari ba ragi. Wanda ya sa kunne a gefuna biyun da za su haɗu zai tarar sun tokare juna, wanda ya manta ɗaya kuma zai bar rami.

Sai batun girma. In kowane gefe santimita 6 ne, tsawon shimfiɗar zai kai santimita 33, takardar A4 kuwa tsawonta santimita 29.7 ne, don haka ba za ta ɗauka ba. In an rage zuwa santimita 5, shimfiɗar za ta zama 27.5 a tsawo da kimanin 13 a faɗi, ta shiga da ƙyar. Siffar da za ta tashi daga nan faɗinta wajen santimita 9.5 ne. Faɗin bairos ɗin na gaskiya kuwa kimanin nanomita 30 ne, wato kwalin da ke hannun ɗalibi ya fi shi fiye da sau miliyan 3. Ɗalibar da ta yi wannan lissafi da kanta ba za ta ƙara tambayar dalilin da ya sa madubin ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ba ya nuna bairos ba.

Akwai kuma abin da hannu ke ganowa wajen ninkewa. Kowace kusurwa ta irin wannan alwatika digiri 60 ce. In 6 suka haɗu a wuri ɗaya sun cika digiri 360, takarda ta kwanta lafiya lau. In 5 ne, digiri 300 ke nan, saura giɓin 60, kuma rufe wannan giɓi shi ke tilasta wa takarda ta tashi ta yi tsini. Duk sirrin dunƙulewar kwanson yana cikin wannan giɓi, kuma babu yadda alli zai nuna shi.

Ga ƙananan azuzuwa akwatin da ke da fuska 6 murabba'ai ya wadatar. Akwai hanyoyi 11 daban-daban na shimfiɗa shi, kuma barin ɗalibai su nemo su aiki ne mai daɗi na awa guda. In an haɗa uku, mai gefen santimita 1 da mai 2 da mai 3, aka auna faɗin fatar kowane bisa abin da cikinsa ke ɗauka, za a samu 6, sannan 3, sannan 2. Ma'ana, duk yadda abu ya ƙara girma, fatarsa takan gaza wa cikinsa. Dalilin da ya sa ƙwayoyin halitta ƙanana ne ke nan, domin ta fatarsu suke shan abinci da iska.

Wani zai ce wannan wasan yara ne. Ai kuwa a farkon 1953, a Kambirij ta ƙasar Ingila, James Watson ya gaji da jiran maƙera su kawo masa siffofin ƙarfe, sai ya yanka kwali a siffar sinadarai huɗu na DNA yana jujjuya su bisa tebur, har ya ga yadda suke haɗuwa bibbiyu. Kafin nan wani masanin sinadarai, Jerry Donohue, ya gaya masa cewa siffar da littattafai suka ba wasu daga cikin sinadaran ba daidai ba ce. Da ya yanka kwalinsa bisa wancan kuskure, da haɗin bai fito ba, komai kaifin almakashinsa. Shi kansa shimfiɗa siffofi a takarda tsohon ilmi ne, domin Albrecht Dürer, mai zane na ƙasar Jamus, ya buga irin waɗannan zane-zane a littafinsa na 1525.

To, ina amfanin injin? Yana da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Malamin da ke da aji huɗu cike da ɗalibai ba zai iya yanka wa kowa ba, kuma akwai siffofin da reza ba ta iya fitarwa da kyau, kamar jijiyoyin ganye ko fiffiken sauro. Amma kafin zane ya cancanci shiga injin akwai sharuɗɗa, kuma su ma darasi ne.

Injin ba ya bin hoto. In an ɗauki hoton zane da waya, abin da kwamfuta ke gani tarin ɗigo ne kawai. Sai an sake zana shi da layukan da kwamfuta ta san farkonsu da ƙarshensu, a ajiye a tsarin SVG ko DXF. Manhajar Inkscape tana yin wannan, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. A nan za a raba layi iri biyu da launi. Masu wannan aiki da yawa sun saba sa ja ga layin yanka, shuɗi ga layin ninki, sannan a umurci injin ya rage ƙarfi a kan shuɗin don ya karci takarda kawai bai huda ta ba. Sai dai kartar fuska ɗaya ta fi dacewa da ninki zuwa ɓangare ɗaya. In ninkin zai iya zuwa ciki ko waje, gara a yi layin tsinke-tsinke, a yanka kaɗan a tsallake kaɗan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne layi biyu a kan juna. In ɗalibi ya zana alwatika ɗaya ya kwafe ta sau 20 ya jera, kowane gefen da biyu suka haɗu zai zama layi biyu, ido kuma ɗaya yake gani. Injin zai bi wurin sau biyu, layin ninki ya koma yanka, shimfiɗar ta wargaje. Haka nan jerin aiki: a fara da ninki, sannan ramukan ciki, a ƙarasa da layin kewaye, domin da zarar an yanke kewaye takardar ta saku, iskar injin tana iya gusar da ita. Hasken kuma yana cin abin da ya kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita a inda ya bi. Wajen kunnen gam wannan ba komai ba ne, amma in ana so harshe ya shiga rami ya kama ba gam, sai an yi lissafinsa, kamar yadda tela ke barin wurin ɗinki in yana yanka yadi. Daga ƙarshe, a sa ɗan murabba'i mai santimita 5 a gefen zanen a auna shi bayan yanka, saboda girman zane yakan canza in ya tashi daga wata manhaja zuwa wata.

Akwai manhajoji irin su Pepakura Designer ta ƙasar Japan waɗanda ke karɓar siffa su shimfiɗa ta da kansu har da kunnuwa, kuma intanet cike take da shiryayyun zane. A nan haɗarin yake. Malami zai sauko da zane, injin ya yanka, ɗalibi ya shafa gam, a jera kyawawan siffofi bisa kanta a nuna wa baƙi. Ɗalibin bai ƙirga gefe ba, bai auna kusurwa ba, bai yi kuskuren da zai koya masa komai ba. Ƙa'idar da ta kamata ita ce, babu zanen da zai shiga injin sai wanda mai shi ya fara yankawa da almakashi ya haɗa, ya ga ya rufe.

Bai kuma kamata kowace makaranta ta sa sayen injin a gaba ba. Yana son wutar lantarki tsayayya, da ruwan sanyaya bututunsa, da hanyar fitar da hayaƙi. Ƙurar hunturu in ta kwanta a madubansa takan rage masa ƙarfi har ta lalata su. Takarda tana kama wuta, don haka ba a barin sa yana aiki babu mai tsaro. Roba nau'in PVC kuwa ba a sa ta ko kusa, domin tana fitar da iska mai guba wadda ke cutar da huhu ta kuma cinye ƙarfen injin. Makarantar da ba ta da wanda aka horar kan waɗannan, injinta zai ƙare a sito lulluɓe da buhu.

Abin da ya fi dacewa shi ne injin guda a wurin da ke da wuta da ma'aikaci, makarantu da dama su riƙa amfana. An gwada irin wannan a wasu ƙasashe: tsarin ɗakunan ƙere-ƙere na Fab Lab, wanda ya samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka, ya buɗe ɗaki a Takoradi ta ƙasar Gana tun 2004. A Jigawa, Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko wata babbar makarantar fasaha, za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Zanen SVG ƙarami ne ƙwarai, waya tana tura shi cikin daƙiƙa. Malama a Gwaram za ta tara zane goma da ɗalibanta suka gwada da hannu, ta tura ranar Litinin, yankakkun kwalaye su iso ta motar haya kafin ƙarshen mako. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da yake tsohuwar makaranta ce mai tsofaffin ɗalibai da yawa, za ta iya zama wurin da malaman yankin ke haɗuwa sau ɗaya a zango su koyi Inkscape, su yi musayar zanen da suka inganta.

Kafin wannan ya tabbata, kwalin magani da na ganyen shayi da na sabulu suna nan a kowane kanti, kuma kaurinsu ya yi daidai da wannan aiki. Layin ninki ana yin sa da bakin biron da tawadarsa ta ƙare, a danna bisa rula. Inda gam ya yi tsada, kokon rogo da aka dama da kauri yana riƙe takarda, sai dai a damina a ba shi lokaci ya bushe kafin a manne kunne na gaba.