Wai Kalashi ta fi ƙarfinta? Haba!

Jama'a, mun gaji da masu cewa ɗiyanmu mata masu ƙaramin jiki ba su dace da aikin jandarma ba, wai Kalashi ta fi ƙarfinsu. Kalashi da harsasanta kilo 4 ce ko kusa. Yarinyar da ke ɗauko bido mai lita 25 daga pampo kullum safiya fa?

Masu cewa a fara mata da 'yar mitsitsiyar bindigar hannu kuma sun ƙara ɓata. Bindiga in ta yi sakayau ta fi bugun hannu wajen harbi, sai ta tsorata mai koyo. Abin dubawa shi ne yatsa ya kai kunama, hannu ya riƙe daram, mai koyarwa na kusa. A gwada ta a filin harbi tukuna, kana mu yanke mata hukunci.