Kura Da Shan Bugu: Asalin Gidajen Mafia Da Tsarinsu

Tun daga shekarar 1972 da aka fitar da fim ɗin The Godfather, jama'a da dama suke kallon Mafia a matsayin wasu gidaje masu dattako, inda uba ke rungume 'ya'yansa, ake cika alkawari, ake kuma share wa talaka hawaye idan hukuma ta yi ko oho da shi. Su kansu 'yan ƙungiyar "masu mutunci" suke kiran kansu, kowane reshe kuma suna ce masa "iyali". A ganina waɗannan sunaye biyu su ne babbar satar da suka taɓa yi, domin tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba.

Mu fara da asali. Mafia ta tsiro ne a yammacin tsibirin Sisili a ƙarni na 19, daidai lokacin da ake haɗe ƙasar Italiya a 1861. Masu manyan gonaki sun tare a birni, sun bar dukiyarsu a hannun wakilai da masu gadi ɗauke da bindigogi. Lambunan lemun tsami da ke kewaye da birnin Palermo suna kawo kuɗi masu yawa, ga shi kuma cikin dare ɗaya ana iya sare itatuwan ko a datse musu ruwa. Sai masu gadin suka gano sana'a: su tsoratar da mutum, sannan su sayar masa da kariya daga sharrin kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Da manoma suka tashi neman haƙƙinsu, bindigar Mafia ce ta riƙa kashe shugabanninsu. Ina ceton talaka a nan?

Da 'yan ci-rani suka ƙetara zuwa Amurka, wasu suka tafi da wannan sana'a. Gidaje biyar na birnin New York, waɗanda daga baya aka sani da Gambino, Genovese, Lucchese, Colombo da Bonanno, a kan cin amana aka kafa su. A watan Afrilun 1931 Lucky Luciano ya ba da maigidansa Joe Masseria aka harbe. Salvatore Maranzano ya raba gidajen, ya naɗa kansa uban iyayen gida. Watanni biyar bayan nan Luciano ya sa aka kashe shi, ya kafa majalisar shugabanni. To, wane irin iyali ne ake gadon uba ta hanyar zubar da jininsa?

Duba tsarin da kyau. A sama akwai uban gida, sai mataimakinsa da mai ba shi shawara. Ƙarƙashinsu akwai kyaftin-kyaftin, kowanne da rukunin sojojinsa da aka rantsar. A can ƙasa kuma ga tarin 'yan kore da ba a rantsar ba, masu aikin wahala. Kuɗi na hawa sama, umarni na gangarowa daga baki zuwa baki, ta yadda wanda ya ɗana kunamar bindiga bai taɓa jin muryar wanda ya yanke hukuncin ba. Idan asiri ya tonu, na ƙasa ne ke shiga kurkuku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rantsuwar da ake yi, a huda yatsa, a ƙona hoton waliyyi a tafin hannu, a yi alkawarin kame baki, igiya ce ta ɗaure na ƙasa domin na sama ya yi barci.

Ana cewa ba sa taɓa mata da yara. A 1993 suka sace yaro ɗan shekara 12 a Sisili don mahaifinsa ya ba da shaida. Suka tsare shi kwana 779, suka shaƙe shi, suka narkar da gawarsa. A 1992 bom ɗin da ya kashe mai shari'a Giovanni Falcone ya haɗa da matarsa.

Wani zai ce ai raunin hukuma ne ya haife su. Gaskiya ne, idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: 'yan siyasar da suka sayi ƙuri'a a hannunsu suna da nasu alhakin. Amma laifin hukuma ba ya wanke mai kisa.

Abin da ya karya lagonsu shi ne doka da magana. A 1970 Amurka ta kafa dokar RICO, wadda ta ba da damar kama uban gida da laifin ƙungiyarsa. A 1984 Tommaso Buscetta, wanda suka kashe wa 'ya'ya biyu, ya zayyana wa Falcone tsarin duka, aka gurfanar da mutum 475 a Palermo a 1986. A 1992 mataimakin John Gotti, wato Sammy Gravano, shi ya ba da shaidar da ta kai maigidansa ɗaurin rai da rai. Duk mai sha'awar waɗannan gidaje, ya tambayi kansa a wane mataki za a ajiye shi. Kujerar uban gida guda ɗaya ce. Sauran wuraren na masu shan bugu ne.